Shafen polima mai yaƙi da ƙwayoyin cuta: me ya sa nasarar ɗakin gwaji ba ta cika isa gadon asibiti ba

A shekarar 2012 mujallar likitanci ta Lancet ta buga sakamakon wani gwaji da aka yi a asibitoci 24 na Birtaniya ƙarƙashin jagorancin Robert Pickard. A kan robar fitsari aka yi shi. An raba marasa lafiya sama da 7,000 ta hanyar ƙuri'a: wasu aka sa musu roba ta yau da kullum, wasu roba mai shafen azurfa da polima mai riƙe ruwa, wasu kuma wadda aka cusa wa maganin nitrofural. Mai azurfar ta daɗe a kasuwa, ta fi tsada, kuma a ɗakin gwaji ba ta da abin zargi, domin azurfa tana kashe bakteriya ba tare da wata tantama ba. Da aka ƙirga waɗanda suka kamu da cutar hanyar fitsari har aka rubuta musu magani cikin makonni shida, sai aka sami kashi 12.6 cikin ɗari a ɓangaren roba ta yau da kullum, kashi 12.5 a ɓangaren azurfa. Ta nitrofural ta ɗan taɓuka, kashi 10.6, amma ragin bai kai mizanin da masu binciken suka gindaya tun farko ba, ga shi kuma marasa lafiya sun fi kukan ta dame su.

Kowace shekara ana wallafa rahotanni masu ɗimbin yawa na sabon shafe da ya kashe kashi 99.9 na ƙwayoyin cuta, amma waɗanda suka rage yawan masu kamuwa da cuta a asibiti ba su taka kara sun karya ba. Ana yawan ɗora laifin a kan ƙarancin ƙarfin dafi, sai a bazama neman sinadarin da ya fi kisa. Ni a ganina ba a nan gizo ke saƙar ba. Abin da ke kayar da shafe shi ne dauɗar da ke lulluɓe shi da kuma tsawon lokacin da ake so ya yi yana aiki, kuma duk ƙirar da ba ta fara da tambayar inda za a sa ta, da kwana nawa haɗarin zai ɗauka, da abin da zai kwanta a kanta ba, to ta faɗi tun kafin ta bar ɗakin gwaji. Shaidun da ake da su zuwa yau suna nuna cewa shafen da ya yi wa kansa iyaka shi ne ya ceci rayuka, wanda ya yi alkawarin tsaro na har abada kuwa har yanzu ana binsa bashin hujja.

Bakteriya ba ta cika rayuwa ita kaɗai tana yawo a ruwa ba. Ta fi son ta maƙale a jikin wani abu, ta hayayyafa, ta fitar da yauƙi na sukari da furotin ta lulluɓe kanta da shi. Santsin da hannu ke ji a cikin randar da ta kwana biyu ba a wanke ba wannan shimfiɗa ce, haka ma dauɗar haƙori da Antonie van Leeuwenhoek ya duba da madubinsa a 1683 ya ga tana motsi da halittu. Bill Costerton da abokan aikinsa suka fito da muhimmancinta fili a 1978, kuma daga baya aka gano cewa bakteriyar da ke cikin shimfiɗar yauƙi tana iya jure magani ninki ɗaruruwa, wani lokaci har dubu, fiye da 'yar'uwarta mai yawo. Shi ya sa idan ƙarfen ƙugu ko bawul ɗin zuciya ya harbu, sau da yawa allura ba ta wadatarwa, sai an sake buɗe mutum an cire abin. A 1987 likitan ƙashi Anthony Gristina ya siffanta lamarin da tsere tsakanin ƙwayoyin jikin mutum da bakteriya, wanda ya riga kama wuri shi ke da shi. Sai dai akwai wanda ke riga su duka biyun isa. Cikin daƙiƙoƙi da shigar baƙon abu cikin jini ko fitsari ko hawaye, furotin da gishiri sun kwanta a kansa. Saboda haka bakteriyar da ta iso ba ta haɗuwa da fuskar da injiniya ya ƙera, da wannan kwanciyar take haɗuwa, kuma irin su Staphylococcus aureus suna da ƙugiyoyi na musamman da suke kama furotin ɗin jini da su.

Polima doguwar sarƙa ce ta ƙananan sinadarai masu maimaita kansu. Leda, nailan, roba da fenti duk danginta ne. Abin da ya sa ta dace da wannan aiki shi ne mai haɗa ta yana da iko a kan kusan komai: tsawon sarƙar, yawan cunkosonta, abin da za a rataya a jikinta, da yadda za ta kama fuskar da aka shafa ta. Manyan dabarun yin shafe da ita uku ne. Dabara ta farko ita ce hana maƙalewa tun asali. Ana dasa sarƙoƙi masu son ruwa a tsaitsaye, a cunkushe, su riƙe wani siririn labule na ruwa da furotin ba ya iya turewa cikin sauƙi. Polima da aka fi sani a nan ita ce PEG. A 2001 rukunin George Whitesides a Harvard ya gwada fuskoki da dama ya fitar da siffofin da masu hana furotin zama suka yi tarayya a kai, ciki har da son ruwa da rashin rinjayen cajin lantarki. Wasu kuma suka kwaikwayi tantanin jan ƙwayar jini, wanda bayansa ke ɗauke da cajin tarawa da na ɗebewa daidai wa daida, jimillarsu babu. Daga nan polimar MPC ta Kazuhiko Ishihara da Nobuo Nakabayashi a Japan ta fito, wadda yau take cikin wasu tabarau na manne wa ido da bututun buɗe jijiyar zuciya, sannan dangin betayin da Shaoyi Jiang ya yi fice a kansu a Jami'ar Washington. Kyan wannan dabara a fili yake: ba ta kisa, don haka ba ta tilasta wa bakteriya neman hanyar bijirewa. Rauninta shi ma a fili yake. PEG tana lalacewa idan ta daɗe tare da iskar oksijin da ɓurɓushin ƙarfe. Kaurin shafen bai kai na gashi ba ko kusa, kuma ƙarzuwa ɗaya ta isa. Bakteriyar da ta sami wannan 'yar kafa ba abin da zai taɓa ta, za ta ninka kanta ta shimfiɗa yauƙi ta haye sauran wurin da ke da lafiya.

Dabara ta biyu ta fi burge mai sauraro: fuskar da ke kashe duk abin da ya taɓa ta, ba ta zubar da komai, ba ta ƙarewa. Bayan bakteriya yana ɗauke da cajin ɗebewa, don haka sai a ɗaure sarƙoƙi masu cajin tarawa, galibi dangin amoniyam, tare da ɗan reshe mai maiƙo. Cajin ya jawo ƙwayar ya hargitsa tantaninta, reshen ya taimaka wajen ɓarka shi. Masu binciken kamfanin Dow Corning sun nuna hakan tun 1972, amma aikin da ya farfaɗo da fannin shi ne na Joerg Tiller da Alexander Klibanov na MIT tare da Kim Lewis a 2001. Gilashin da suka shafa ya kashe sama da kashi 90 na Staphylococcus aureus, da sama da kashi 99 na E. coli da Pseudomonas aeruginosa. Sun kuma gano wani abu da ke nuna yadda ƙirar take da laulayi: reshe mai ƙwayoyin kabon shida ya yi aiki sosai, amma masu goma zuwa sama ba su yi ba, wataƙila don dogayen rassan suna manne wa juna su kwanta. Aiki ne mai kyau, sai dai a lura da yadda aka yi gwajin. An fesa bakteriyar ne daga cikin tataccen ruwa a kan gilashi mai tsabta. A jikin mutum ko a hannun ƙofar asibiti babu wannan gata. Cajin da ke jawo bakteriya shi ne dai ke jawo furotin, wanda yawancinsa cajin ɗebewa gare shi, kuma gawar bakteriyar da aka kashe ba ta tashi, nan take zama. Kamar shingen ƙaya ne da rairayi ya binne: ƙayar na nan da tsininta, amma akuya ta bi ta kai ta shiga gona. Idan kuma aka ƙara caji da maiƙo don ƙarfin kisa, sai shafen ya fara fasa jan ƙwayar jini, domin ita ma tantani gare ta. Kitosan, wanda ake samu daga ɓawon jatan lande, ya fi sauƙi a jiki, amma cajinsa yana raguwa sosai da zarar ruwa ya bar tsami ya koma irin na jini.

Dabara ta uku ita ce mafi tsufa, kuma masu bincike sun fi raina ta: a mai da polima rumbu, a zuba mata magani, ta riƙa sakinsa a hankali. Abin da aka saki yana ratsa kwanciyar furotin ya kai ga bakteriyar da ba ta ma taɓa fuskar ba tukuna, wato matsalar binnewa ba ta dame shi sosai ba. Aibinsa shi ne rumbu yana ƙarewa. To amma a duba inda aka sami nasara ta gaskiya. Yaran da ruwa ke taruwa a ƙwaƙwalwarsu ana sa musu siririn bututun silikon da ke janye ruwan zuwa ciki. A gwajin BASICS da Conor Mallucci na asibitin Alder Hey a Libaful ya jagoranta, wanda aka buga a 2019 da marasa lafiya 1,605 a Birtaniya da Ailan, kashi 6 na masu bututu na yau da kullum sai da aka sake musu aiki saboda harbuwa. Masu bututun da aka cusa wa rifampicin da clindamycin, dabarar da Roger Bayston na Nottingham ya ɓullo da ita, kashi 2 ne kacal. Masu bututun azurfa kashi 6, babu bambanci. A shekarar dai aka buga gwajin WRAP-IT da mutum 6,983: wata 'yar jaka ta polima da ake sa na'urar daidaita bugun zuciya a ciki, tana sakin minocycline da rifampicin na kamar mako guda, sannan ita kanta ta narke cikin kusan makonni tara. Mummunar harbuwa ta sauka daga kashi 1.2 zuwa 0.7. Gwajin CATCH na 2016, a sassa 14 na kulawa ta musamman ta yara a Ingila, ya karkata ga wannan ɓangare: harbuwar jini kashi 4 a bututun jijiya na yau da kullum, kashi 1 a mai magani, kashi 3 a mai shafen heparin, ko da yake wannan kwatanci ba shi ne babbar tambayar da aka tsara gwajin a kanta ba.

Abin da ya haɗa waɗannan ba ƙarfin dafi ba ne. A duk cikinsu an san lokacin da abokin gaba ke shigowa, an kuma san ko wane ne. Yawancin harbuwar bututun ƙwaƙwalwa da na'urar zuciya daga bakteriyar fata take, wadda ta faɗa ciki ranar tiyata. Idan aka tsare makonnin farko, rauni ya rufe, naman jiki ya kama wurin, ƙofa ta kulle. Rumbun da zai ƙare bayan haɗari ya wuce ai ba aibi gare shi ba, ya gama aikinsa ne. Robar fitsari ba haka take ba. Ƙofarta a buɗe take muddin tana jiki, bakteriya na hawowa ta ciki da ta waje, haɗarin samunta a fitsari yana ƙaruwa da kimanin kashi 3 zuwa 7 kowace rana, fitsari kuma yana wanke duk abin da aka saki. David Stickler na Jami'ar Cardiff ya shafe shekaru yana nuna yadda Proteus mirabilis ke farfasa sinadarin yuriya, fitsari ya koma mai kanwa-kanwa, duwatsun kalsiyam da magneziyam su kwanta a kan kowace irin roba, mai azurfa da marar azurfa, bakteriya ta yi gida a kansu. Ita azurfa ma tana da nata ciwon: gishirin jiki da furotin suna kama ƙwayoyinta kafin su kai ga bakteriya. Idan aka ƙara yawanta kuma naman jiki ke biya. Kamfanin St. Jude Medical ya janye bawul ɗin zuciyarsa na Silzone a Janairun 2000, bayan gwaji ya nuna cewa bawul mai shafen azurfa a bakin ɗinkinsa ya fi yawan yoyo ta gefe.

Me ya sa ake ta samun alƙaluma masu daɗi a takarda? Babban dalili shi ne ma'aunin kansa. Gwajin da masana'antu suka fi dogara da shi, JIS Z 2801 na Japan da takwaransa na duniya ISO 22196, ga yadda yake: a ɗiga ruwa mai bakteriya a kan abin, a rufe da 'yar leda don ruwan ya baje kada ya bushe, a ajiye a zafin digiri 35 da laima sama da kashi 90, a dawo bayan awa 24. Wannan yanayi ya dace da duk abin da ke bukatar ruwa kafin ya narke ya yi aiki, amma babu hannun ƙofa ko ƙarfen gado da ke rayuwa a cikinsa. A 2009 Harold Michels da Bill Keevil na Jami'ar Southampton da abokin aikinsu suka gwada wani abu mai ƙwayoyin azurfa da bakteriyar MRSA mai bijire wa magani. A yanayin ma'auni ya kashe kusan duka. A zafin ɗaki da busasshiyar iska, laima wajen kashi 22, bai yi wani abin kirki ba, alhali jan ƙarfe ya yi aiki a duka biyun. Michels ma'aikacin ƙungiyar masu harkar jan ƙarfe ne, don haka mai karatu na da damar ɗaga gira, amma hujjar ba ta dogara da wanda ya faɗe ta ba, kowa zai iya maimaita gwajin. Wanda ya san yadda iskar Kano ko Damagaram take bushewa da hunturu, ga ƙura a kan komai, ya san wane daga cikin yanayin biyu ya fi kusa da ɗakin majinyata a can. Sai a 2023 aka fitar da ISO 7581, ma'aunin da ke gwada fuska a bushe cikin gajeren lokaci. Ko shi ɗin ma adadin bakteriya yake aunawa, ba adadin mutanen da suka tsira daga cuta ba.

Suka mafi nauyi ga matsayin da na ɗauka ita ce ta bijirewa magani. Shafe mai saki yana farawa da yawa ya riƙa raguwa, kuma a ƙarshen wutsiyarsa akwai lokacin da maganin bai isa kisa ba amma ya isa ya tace masu juriya. Rifampicin musamman, sauyi ɗaya a ƙwayar gado ya isa bakteriya ta fi ƙarfinsa, kuma shi ne ginshiƙin maganin tarin fuka. Akwai kuma darasin teku. Fentin jiragen ruwa mai sinadarin kuza na TBT, wanda ya shigo a 1974, gwanin ƙira ne: an ɗaure dafin a jikin sarƙar polima, ruwan teku yana tsinke shi a hankali, fentin yana zaizayewa yana fito da sabuwar fuska, jirgi ya yi shekara biyar ba a kankare shi ba. Sakamakonsa shi ne durƙushewar noman kawa a gaɓar Arcachon ta Faransa da matan dodon koɗin teku masu fitar da gaɓar maza, har Faransa ta hana ƙananan jirage amfani da shi a 1982, haramcin duniya kuma ya fara aiki a 2008. Duk wannan gaskiya ne, amma ina ganin ya fi zama hujja a kan baza dafi ko'ina fiye da a kan amfani da shi a ƙuntataccen wuri. Bututun da ke cikin kan yaro ɗaya yana ɗauke da magani kaɗan ƙwarai, iri biyu a haɗe don wanda ya kuɓuce wa ɗaya ya faɗa hannun ɗayan, kuma kowace harbuwa da aka kauce wa ta hana makonni na allurar magani mai ƙarfi. Lissafin ya sha bamban da zuba triclosan a katakon yanka nama da safa da kayan wasan yara. A 1998 rukunin Stuart Levy ya nuna cewa triclosan wani takamaiman sinadarin gina maiƙo yake kai wa hari a jikin bakteriya, wato ana iya bijire masa kamar kowane magani, kuma a 2016 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta hana sa shi a sabulun wanka na gida saboda masu yin sa sun kasa nuna ya fi sabulu da ruwa. Kada kuma a ɗauka dangin amoniyam sun tsira. Bakteriya na da ƙwayoyin gado na qac masu famfon fitar da irin wannan dafi, kuma sukan yi tafiya a ƙunshi ɗaya da na bijirewa magungunan asibiti. Wanda aka ɗaure da kyau famfo ba zai iya masa komai ba, amma shafe mai araha da ke zubar da ɓurɓushi an gudu ne ba a tsira ba.

Suka ta biyu ita ce ina auna fannin da kayan jiya, alhali sababbin ƙira sun riga sun magance binnewa. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. A 2008 rukunin Jiang ya nuna polimar da ke farawa da cajin tarawa ta kashe sama da kashi 99.9 na E. coli cikin awa guda, sannan ta rikiɗe ta koma mai caji biyu ta saki kashi 98 na gawarwakin. Joanna Aizenberg a Harvard ta kwaikwayi wani tsiro mai tulu da ƙwari ke zamewa su faɗa cikinsa, ta riƙe siririn mai a kan fuska mai ƙananan ramuka, abin da ya hana kashi 99.6 na yauƙin Pseudomonas cikin mako guda. Anthony Brennan a Florida ya zana tsarin fatar kifin shak a jikin roba. Dukkansu hikima ce, kuma dukkansu suna da tambayar lokaci a wuyansu: sau nawa za a rikiɗe, yaushe man zai tsiyaye, me zai faru idan dauɗa ta cike ramukan. Wanda ya fi jan hankalina shi ne aikin Morgan Alexander da Paul Williams a Nottingham tare da masu bincike na MIT, wanda aka buga a 2012. Maimakon su fara da nazariyya, sai suka ɗiga ɗaruruwan polima daban-daban a kan gilashi suka bar bakteriya ta nuna wadda ba ta so. Waɗanda suka yi zarra ba masu son ruwa ba ne kamar yadda ƙa'idar da aka saba ta yi hasashe, wasu ne masu zoben kabon a jikinsu, kuma sun rage maƙalewar bakteriya da har kashi 96.7 idan aka kwatanta da shafen azurfa na kasuwa. Wannan ya nuna cewa fahimtarmu game da abin da bakteriya ke ji idan ta taɓa fuska ba ta kai yadda ake zato ba. Ɗaya daga cikinsu ta kai ga robar fitsari ta kamfanin Camstent. Hukuncinta, kamar na sauran, yana hannun babban gwaji a kan marasa lafiya, irin wanda ya kunyata azurfa.

A kan abubuwan da hannu ke taɓawa, wato ƙofa da tebur da labule, ƙirar da na fi ganin gaskiyarta ita ce wadda S. D. Worley na Jami'ar Auburn da Gang Sun na Jami'ar Kalifoniya a Davis suka daɗe suna aiki a kanta: polima mai naitirojin da ke kama kulorin daga ruwan bilic ta riƙe, ta yi kisa da shi, idan ya ƙare a sake goge ta da bilic ta cika. Hasken rana yana rage mata ƙarfi, dauɗa tana cinye kulorin ɗin, amma ba ta yi wa kowa ƙaryar cewa an huta da shara ba. Tana tsawaita amfanin gogewar da aka yi ne zuwa gogewa ta gaba. Masu cewa ko yaya ragin yake ya fi babu, sun manta cewa kuɗin asibiti ɗaya ne, abin da aka kashe a fenti an hana wani wuri. A sassan kulawa ta musamman 103 na jihar Michigan, Peter Pronovost ya nuna a 2006 cewa wanke hannu, rufe jiki yadda ya kamata, goge fata da chlorhexidine, kauce wa jijiyar matsematsi da cire bututun da ba a bukata sun rage harbuwar jini da kusan kashi 66, ba tare da sabon sinadari ko ɗaya ba. Rukunin asibitocin Kaiser Permanente a Amurka ya daina sayen fenti da kayan ɗaki masu ƙarin sinadaran kashe ƙwayoyi a 2015 saboda rashin shaidar amfaninsu.

Batun ya fi tsanani a inda cutar ta fi yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin kowane majinyata 100 a asibiti, 7 ne ke kwasar wata cuta a can a ƙasashe masu arziki, 15 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi. Ƙididdigar da Lancet ta buga a 2022 ta danganta mutuwar mutum miliyan 1.27 a 2019 kai tsaye ga bakteriya masu bijire wa magani, kuma Afirka ta Yamma ce ke kan gaba da mutum 27.3 cikin kowane 100,000. Kasuwa ce da masu tallar shafe za su so, kuma ko shafen da ya ci jarrabawa a Turai ba lallai ya ci a nan ba. Rifampicin da clindamycin an zaɓe su ne don bakteriyar fata irin Staphylococcus, ba su da wani tasiri a kan Klebsiella da danginta. Binciken BARNARDS a kan harbuwar jinin jarirai, wanda asibitoci a Kano da Abuja suka shiga, ya sami Klebsiella pneumoniae a sahun gaba. A asibitin yara na CURE da ke Mbale a Yuganda an gwada bututun ƙwaƙwalwa mai magani da bututun Chhabra na Indiya mai arha ta hanyar ƙuri'a, kuma sakamakon da aka buga a 2019 bai nuna bambancin da za a dogara da shi ba. Gwajin ƙarami ne, bai isa ya rushe na Birtaniya ba, amma ya isa ya sa asibitin koyarwa a Zariya ko Yamai ya fara da duba bayanan ɗakin gwajinsa, ya ga waɗanne ƙwayoyi ne ke harbin majinyatansa kuma a kwana na nawa, kafin ya sa hannu a takardar saye.